Ƙullin Bahago

SHAFI NA 31

Masu aiko mini da saƙo cewa na cika tausaya wa Madugu Salifu, na ji ku. Wannan shafin dai a zaune za ku karanta shi. Wadda ke kan girki ta sauke tukunya tukuna.

*

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da aka gama jera kayan Abzinawa a filin bayan zauren Madugu Salifu. Ƙunshi ashirin da shida ne, kowanne an naɗe shi da ƙirgi an ɗaure tamau: alharini, takarda, turare. Raƙuman Buzayen suka kawo su daga arewa zuwa Tasawa, iyakar tafiyarsu ke nan. Gobe da safe takarkaran Salifu za su ɗauka su wuce da su Katsina. Kayan duk na attajiri Malam Abdussalamu ne, wanda shekara ashirin bai taɓa ba wani madugu kayansa ba in ba na gidan nan ba.

A gidan nan kuwa ba a aza wa takarkari kaya sai Inna Habsatu, mahaifiyar Madugu, ta shafa igiyarsa.

Shekararta bakwai da makancewa. Amma tun tana budurwa a Kanan Bakashe take tufka igiyar kaba, don haka igiyar da za ta tsinke a hanya, ita tun daga gida take jin ta a yatsa. Tana jan gwiwa daga wannan ƙunshi zuwa wancan, tana shafawa, tana mita.

"Inna, ki huta hakanan," in ji Salifu daga inda yake tsaye. "Ɗaurin Buzaye ne, ba namu ba."

"Shi ya hi son dubawa. Suna tubka kamar ana korar su."

Masu korar dabbobi suka yi dariya. Ita ma ta ɗan murmusa, ta matsa ga ƙunshi na tara.

Nan hannunta ya tsaya.

Duk mai ɗaurin kaya ɓangaren dama yake kwantar da ƙulli. Wannan hagu ya kwanta. Ta ce a ranta, to, bahago ai ba ɗaya ba ne a duniya. Ta bi igiyar da yatsa har wutsiyarta, sai ta ci karo da ƙananan ƙulli biyu, tsakaninsu faɗin yatsa ɗaya.



Wannan alama ba ta Abzinawa ba ce, ba kuma ta fataken Katsina ba. Mijinta marigayi, Madugu Illo, shi ya ƙirƙiro ta don gidansa kaɗai. In an ga ta a wutsiyar igiya, ma'anarta: a fara kwance ni, akwai abin da ke lalacewa a ciki. Maza uku ne suka san ta. Illo yana kwance a maƙabartar Kanan Bakashe. Salifu ga shi nan tsaye a bayanta. Na ukun Jatau ne, autanta, bahagon da ubansa ya yi dukan duniya ya koma dama ya ƙi, wanda aka ce mata ya mutu a hanyar Damargu damina uku da suka wuce.

Ta sunkuya ta shinshina igiyar. Sabuwa ce, ko wata biyu ba ta yi ba.

"Madugu."

Haka take kiran sa. Ɗan fari ne, tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta shi ba, saboda kunya.

"Na'am, Inna."

"Sallami mutanen ga."

Ya ce su kai takarkarai rijiya. Ta saurari takunsu har na ƙarshe ya fice daga zaure.

"Zamna."

Ya zauna a gabanta. Ta ji ƙarar gwiwoyinsa, shi ma girma ya fara kama shi.

"Sake ba ni labarin mutuwar ƙanenka."

"Haba Inna. Mi ya kawo wanga zance yau?"

"Ina son ji."

Ya ja numfashi. Labarin ya sha ba da shi, har ya yi santsi a bakinsa kamar tsohuwar muciya.

"Muna komowa daga Damargu. Kurkunu ya hito mashi ƙafa biyu, ga zazzaɓi. Munka iso wata rijiya ya kasa. Na ce ayari shi yi gaba, ni in zamna da shi. Da la'asar Allah ya karɓi abinshi. Ba ni da farin ƙyalle ko taƙi ɗaya, sai na warware rawanina na yi mashi likkafani."

Duk Tasawa ta san wannan labari. Tun daga ranar Salifu bai sake naɗa rawani ba, hula kawai yake sawa, shi da yake madugu. In ya ratsa kasuwa tsofaffi kan nuna wa 'ya'yansu shi, su ce ga zumunci can yana tafiya da ƙafa. Ita kanta Inna Habsatu, sau nawa ta shafa kan nan maras rawani tana sa masa albarka? Allah kaɗai ya sani.

"Wa ya yi mashi wanka?"

"Ni."

"Wa ya taya ka gina kabari?"

"Ni kaɗai. Na ce maki ayari ya yi gaba."

"Da mi ka gina?"



Shekara uku ba ta taɓa yin wannan tambaya ba. Uwar da aka ce mata ɗanta ya mutu ba ta tambayar da me aka haƙa rami, kuka take yi.

"Ba ni hannunka."

Ya miƙa. Ta kama wuyan hannun, ta ja shi ta ɗora a kan ƙullin. Ba ta ganin fuskarsa, amma hannu ba ya iya ɓoye mata komai. Ta ji shi ya sandare.

"Bahagwai da yawa duniya, Inna."

"Bi ta ƙasa. Wutsiya."

Yatsunsa suka bi igiyar a hankali. Da suka isa ƙananan ƙullin nan biyu, sai ya fizge hannu kamar ya taɓa garwashi.

"Mi ubanka ya ce alamar ga ke nuhi?"

"Inna..."

"Mi ya ce?"

"A fara kwance ni."

"To kwance."

Ya miƙe zumbur. Ta ji takunsa ya je har bango ya dawo.

"Ba ni iyawa. Kin hi kowa sani. Wakilin Malam Abdussalamu na arewa ya ga ɗaurin ga da idonshi, na Katsina kuma shina jiran shi ga ya iso yadda anka ɗaure. Madugun da ya kwance kayan amana ɓarawo ne, ko allura bai ɗauka ba. Baba da kanshi ya hwaɗa."

"Ya hwaɗa. Shi ne kuma ya koya maku ƙulli biyu. Wanne za ka bi?"

"Sunan gidan ga hwa, Inna? Takarkari arba'in. Magidanta goma sha biyu ke ci da sunan ga. Shekara ashirin ba a taɓa cewa ga zare ɗaya ya ɓata hannuna ba."

"Na sani. Ni ke shafa igiyar."

"To ki bari in kai kayan Katsina. In an kwance gaban mai shi, sai in ga ko mi ne ne."

"Kwana nawa?"

"Goma, zuwa da komowa."

"Buzayen da sunka kawo shi hwa, yaushe za su tashi?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ita kuwa ta sani, don tun jiya take jin ana auna musu gero a zango. Yau ɗin nan bayan azahar za su juya arewa, kuma su kaɗai suka san inda aka ɗaure ƙunshin nan.

 Ta juya ga ƙullin ta sa yatsu. Ɗauri ne na namiji mai ƙarfi, an ja shi da ƙafa, yatsun tsohuwa ba abin da za su iya yi masa. Ta ja, farcenta ya karye. Ta sunkuya ta sa baki, da 'yan haƙoran da suka rage mata.

"Inna, bari!"

Ba ta bari ba. Kabar ta yanke mata dasashi, ta ji gishirin jini a harshenta.

"Don Allah, Inna, don Annabi, ki bari. Ni za ni kwance."

Ta ja baya tana haki. Ya durƙusa. Bai nemi wuƙa ba, bai yi lalube ba. Ja biyu ya yi igiyar ta saki, don tun suna yara ya san yadda ƙanensa ke ɗauri. Ƙirgin ya buɗe, ƙamshin turare ya cika filin.

Sai ta ji numfashinsa ya ɗauke.

"Mi ka gani?"



"Madugu, mi ka gani?"

Sai ta kai hannu da kanta. Ƙarƙashi alharini ne, mai sulɓi da sanyi. Amma a bisa an shimfiɗa wani abu dabam, saƙi mai kauri, an ninke shi huɗu. Ta ɗago shi ta ɗora a cinya, ta bi shi da tafin hannu.

Zarenta ne. Shi ne kaɗi na ƙarshe da ta yi kafin idonta ya rufe, shi ya sa wani wuri siriri wani wuri kauri, har masaƙin ya yi ta yi mata tsiya. Ta lalubi gefe, ga ɗinkin da ta yi inda tartsatsin wuta ya taɓa ci.

Rawanin Salifu.

Ta kai shi hanci. Ba warin ƙasa. Warin raƙumi ne, da hayaƙi, da zufar mutum mai rai.

Ta daɗe rungume da shi. Murna ce ta fara zuwa mata, wata irin murna mai zafi, don Jatau na numfashi a wani wuri a bayan ƙasa, hannunsa na hagu yana ja da ƙarfi. Bayanta kuma baƙin ciki ya biyo, ya danne ta har ta rasa ta inda za ta fara.

"Yaushe ƙasa ta hwara maido abin da anka ba ta?"

Ta ji goshinsa ya bugi ƙasa kusa da ƙafarta.

"Ki yahe mani, Inna."

"Ban tambaye ka wannan ba. Hwaɗa mani."

Muryarsa ta fito daga cikin rairayi.

"Takarkari ɗaya ya mutu bakin rijiyar. Kayanshi na ƙasa. Wanda ya rage ba kaya, shi ne Jatau ke bisa. Ga sawun mahara munka gani tun da sahe, ba damar kwana. Na ce a sauke Jatau a aza kayan, ayari shi yi gaba, ni in zamna da shi har shi ji ƙarhi."

"Ka zamna?"

"Na zamna. Har rana ta karkata. Sai na riƙa tuna ayari ba madugu, ga mahara. Na kafa mashi sanda biyu gindin wata aduwa, na warware rawanina na yi mashi inuwa. Na bar mashi salka cike da ruwa, da gari. Na ce in kai kayan inda ke da ganuwa, in komo da takarkari. Kwana huɗu."

"Mi ya ce maka?"

Kuka ya ci ƙarfinsa. Ta jira.

"Ya ce, Yaya tahi, kwana huɗu ba komi ba ne. Ya ce in duba ɗaurin jan takarkari, ya ga ya karkace."

Inna Habsatu ta rufe makafin idanunta. Wannan Jatau ne, ba ko shakka. Yana kwance ƙafafu a kumbure, hankalinsa na kan kayan mutane.

"Da na cim ma ayari, sunka hango ni ni kaɗai, kai ba rawani. Ban ce komi ba, Inna, na rantse ban ce komi ba. Su sunka hwara salati. Wani ya ce, Allahu akbar, da rawaninshi ya suturta shi. Na buɗe baki in ce shina da rai. Sai na ga in na hwaɗa, za su zubda kayan nan su juya."

"Sai ka rufe bakin."

"Sai na rufe."

"Ka zo nan gidan. Ka aza kanka bisa gwiwata."

"Na koma, Inna. Da na sauke kaya Katsina na koma ni kaɗai, ban gaya ma kowa ba. Wata guda ya wuce. Na isko sandunan biyu tsaye. Ba shi, ba rawani, ba ƙashi. Sai tsohon kashin raƙuma kewaye da rijiyar."

Ba sai an yi mata bayani ba. Wanda ayarin raƙuma ya tsinta a daji ba mai shi, ya zama na wanda ya tsinta. Shekara uku ɗanta na ɗaure wa wasu kaya a matsayin bawa, yana jiran ranar da ƙunshin Malam Abdussalamu zai biyo ta hannunsa. Ya san kayan Malam gidan nan suke sauka. Ya san kuma wa ke shafa igiya a gidan. Ba wa yayansa ya aiko da saƙon ba, ita ya aiko wa.

"Mi ne ne cikin kayan da ka aza?"

"Alharini."

"Na wa?"

"Na Malam Abdussalamu."

"Ya isa lahiya?"

"Inna, don Allah..."

"Ya isa lahiya?"

"Ya isa."

"Ko zare bai ɓata ba?"

"Bai ɓata ba."

"Madalla."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ci gaba da magana a hankali, ba ɗaga murya, tana shafa rawanin.

"Ni na daka gumbar sadakar uku. Ni na daka ta bakwai, da ta arba'in. Maimuna matarshi ta yi takaba cikin ɗakin can, wata huɗu da kwana goma, kai ke kawo mata hatsi. Kai ka yi waliccin aurenta na biyu, garin Mayahi. Yanzu tana goye da ɗan wani, mijinta na hwari shina da rai. Wannan wane malami za ka kai ma shi kwance?"

 Daga can zango ana jiyo kukan raƙuma, irin wanda suke yi in an fara durƙusar da su za a yi lodi.

Ta miƙa masa rawanin.

"Naɗa."

"Na'am?"

"Naɗa shi kanka. Ka hita zango da shi, ka tambayi Buzayen ga inda anka ɗaure ƙunshin ga, da sunan mai bawan. In sun tashi ka bi su."

"Inna, duk Tasawa ta san rawanin ga cikin kabari shike. In na ratsa kasuwa da shi..."

"Shi ya sa."

"Ba sauran wanda zai sake ba ni ko buhun kanwa. Sunan Baba ya mutu."

"Sunan ubanka ya mutu tun gindin aduwa. Shekara uku gawarshi kake yawo da ita."

Ya karɓi rawanin. Ta ji yadda ya karɓe shi, da yatsu biyu, kamar abin da zai cije shi.  Har ta fara sa rai, har zuciyarta ta fara cewa ɗanta ne dai, nononta ya sha. Sai ya buɗe baki, da wata 'yar murya irin ta mai neman mafita.

"To kayan Katsina hwa? An riga an yi hwatiha. Wa za ya kai su gobe?"

Wani abu ya tsinke a ƙirjin Inna Habsatu. Shekara arba'in da uku tana riƙe da kunyar ɗan fari. Ko ranar da ciwon agana ya kusa ɗauke shi yana yaro, tana kuka a kansa, ba ta kira sunansa ba. Yau ta ɗaga fuskarta saitin inda numfashinsa ke fitowa.

"Salifu."

Ta ji ya ja da baya har ya bugi wani ƙunshi.

"Salifu ɗan Illo. Sau ɗaya ka zaɓi kaya, na rasa ɗa guda. In ka sake zaɓar su yau, biyu na rasa."

Kafin ya ce uffan, aka kwaɗa sallama daga zaure. Murya ce mai kauri, ta mutumin da ya saba a amsa masa da sauri.

"Salamu alaikum! Madugu na ciki? Abdussalamu ne. Na zo in ga kayana da idona kahin a aza."

Ƙunshi na tara na nan a buɗe, igiyarsa a yashe a ƙasa, ƙamshin turare ya kai har bakin zaure.

Inna Habsatu ta kasa kunne. Kusa da ita rawanin ya fara motsi a hannun Salifu, da sauri. Ta yi iya ƙoƙarinta, amma ta kasa gane ko kansa yake naɗa shi, ko cikin ƙirgin yake cusa shi.

Ta goge jinin bakinta da bayan hannu.

"Wa alaikumus salam," ta ce da ƙarfi. "Shigo, Malam."